Kurangar Inabi Ba Ta Gudun Hijira

Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 jirgin fasinja bai ƙara sauka a Yukren ba. Duk mai niyyar Odesa sai ya sauka a wata ƙasa, ya ƙarasa da mota. Ni ta Kishinau, babban birnin Moldoba, na bi, cikin watan Satumbar 2024, ana tsakiyar tsinkar inabi. Motar da na shiga cike take da mata da yara da tsofaffi masu komawa gida. Namiji mai jini a jika in ka gan shi a ciki, to baƙo ne irina, domin a lokacin dokar yaƙi ta hana mazan ƙasar 'yan shekara 18 zuwa 60 fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A iyakar Palanka jami'ar da ta karɓi fasfona ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce gonakin inabi na zo gani. Ta ɗaga kai ta dube ni da kyau, sannan ta buga hatimi.

Bari in share wata tambaya tun kafin a yi mini ita. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ko ɗigo ban ɗanɗana ba a tafiyar nan. Mai neman a faɗa masa wace kwalba ta fi wace daɗi, ba wurina zai samu ba. Aikin gona na karanta, a Odesa ɗin nan, shekaru kafin yaƙi, kuma a kudancin Yukren ba ka isa ka karanci noma ka tsallake kurangar inabi ba. Akasarin abin da ake tsinka a can matse shi ake yi a yi giya, saura a ci ɗanye ko a yi ruwan sha. Ƙauyuka ne sukutum suke ci daga wannan itaciya: mai dashe, mai aski, mai feshi, mai tsinka, mai tarakta, mai ƙera ganga. Abin da ya kai ni shi ne in ga halin da shuka mai neman hannun mutum kowane wata take shiga idan aka kwashe mutanen.

Odesa tana nan yadda na san ta, sai dai ta koyi barci da ido ɗaya. Dokar hana fita tana farawa sha biyun dare ta ƙare biyar na asuba. Kowa yana da manhaja a waya mai kururuwa idan an hango makami mai linzami ko jirgi maras matuƙi, ga jiniyar gari tana taya ta. A gaban kusan kowane shago akwai janareto a ɗaure da sarƙa. Babbar majami'ar tsakiyar gari, wadda makami ya fasa a watan Yulin 2023, tana cikin katakan gyara. Amma kasuwar Privoz ba ta san da zancen ba: kifi, cuku, tumatir, kankana, ga inabi tsibi-tsibi, baƙi da fari da ja, mata suna miƙo maka nono guda su ce ɗanɗana, ba sai ka saya ba. Na yi Juma'a a masallacin Al-Salam da ke titin Rishelievska. Sahun da a zamaninmu ɗaliban Afirka da Larabawa ke cikawa har waje, yanzu ya koma ciki. Dubban 'yan Najeriya da ke karatu a ƙasar sun fice tun watan Maris na 2022.

Wanda ya zama jagorana tsohon malamina ne, ya yi ritaya, ya haura saba'in, yana da wata tsohuwar mota Niva da ya fi amincewa da ita a kan gwamnati. Ni Farfesa nake ce masa, shi kuma ɗana. Wurin farko da ya kai ni shi ne Cibiyar Tairov da ke bayan gari, wadda Vasily Tairov ya kafa a 1905 don binciken inabi. A nan aka haɗa irin da ake kira Odesa Baƙi, auren Alicante Bouschet da Cabernet Sauvignon. Yawancin baƙin inabi fatarsa ce kawai baƙa, cikinsa fari ne; wannan kuwa har tsokarsa ja ce, in ka matse ƙwaya ɗaya sai ka ce yanka ka yi. A zamanin Tarayyar Sobiyet ba a ɗauke shi bakin komai ba, rini ne da ake zubawa a ƙara wa wata giyar launi. Yau shi ne ake kaiwa baje-kolin Turai a ce ga namu. A nan kuma aka fitar da Sukholimansky fari, da Arkadiya na ci, wanda na gani a kusan kowane tebur a Privoz.

Muna tafe tsakanin layukan gwaji, Farfesa ya ce kada in ɗauka masifar ta fara ne a 2022. Sau uku aka sare gonar nan, in ji shi, kuma biyu a kan idonsa yana aiki. Na farko a 1985, da shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev ya ɗaura yaƙi da shaye-shaye, jami'ai masu neman yabo suka sa aka tuge kuranga a wurare da dama, har da masu daraja. Wani babban masanin inabi na Cibiyar Magarach da ke Yalta, Pavel Golodriga, ya kashe kansa a 1986 a tsakiyar wannan rikici. Ni da nake ganin giya ba alheri ba ce ga al'umma, na ce masa ai niyyar Gorbachev ba mummuna ba ce. Ya ce, "Ɗana, niyya daban, gatari daban. Mashayi bai daina ba, komawa ya yi yana dafa tasa a banɗaki da sukari. Manomi ne ya kwana ciki." Ban sami abin da zan mayar masa ba.

Sara na biyu shi ne 2014, da Rasha ta ƙwace Kirimiya. A can ne manyan sunaye suke: Massandra da aka kafa a 1894, da Novyi Svit na Yarima Golitsyn, da Inkerman, da ita kanta Magarach. A dare ɗaya babban kaso na gonakin inabin ƙasar ya koma bayan shinge. A watan Satumbar 2015 Putin ya kai tsohon firaministan Italiya Berlusconi ziyara Massandra, aka buɗe musu wata kwalba ta shekarar 1775, har masu gabatar da ƙara na Yukren suka buɗe shari'a a kai. A ƙarshen 2020 kuma aka sayar da kamfanin ga wani reshen Bankin Rossiya. Sai dai faɗuwar wani tashin wani. Da kayan Kirimiya suka ɓace daga kantuna, mutane suka fara waiwayar Odesa da Mikolayif da Kherson da Zakarpatiya. A 2016 aka cire wa mai yin giya da inabin gonarsa kuɗin lasisin sari, hiribniya (kuɗin Yukren) 500,000 kowace shekara, wanda dā shi ke kashe ƙaramin mai sana'a tun kafin ya fara. A 2018 aka ƙara sassauta takardu. Sana'ar tana cikin wannan tashe ne, da gonaki wajen hekta 40,000, sara na uku ya zo.

Muka ɗauki hanyar gabas zuwa Mikolayif. Shingen bincike, buhunan yashi, ƙarafan tare tankar yaƙi a gefen titi. A Koblevo, inda jihar Odesa ta haɗu da ta Mikolayif, gonakin inabi sun miƙe har bakin ruwa, amma masaukan shaƙatawa na gaɓar teku shiru, saboda nakiyoyin da ke yawo a ruwa. Daga nan akwai kwana zuwa Ochakif, inda gonar Beykush take a kan wani zirin ƙasa tsakanin ruwaye. Ba mu shiga ba. Farfesa ya ce motarsa ba ta gudu. 'Yan kilomitoci kaɗan ne tsakanin Ochakif da zirin Kinburn da sojan Rasha ke riƙe da shi, kuma daga can ake harbo igwa. Duk da haka masu gonar ba su bar kaka ko ɗaya ta wuce ba, kuma a 2022 ɗin nan, ana ruwan wuta, wata farar giyarsu ta ci lambar zinariya a gasar Decanter ta Landan. Wannan labari kowa ya ba ni shi, daga mai otal har direban tasi. Na fahimci dalili: mutum yana buƙatar abin da zai nuna ya ce ba a gama da mu ba.

Mikolayif gari ne da aka yi wa ƙishirwa da gangan. Tun watan Afrilun 2022 aka fasa bututun da ke kawo ruwa daga kogin Dnipro, lokacin da na je ruwan gishiri ne ke fitowa a famfo, mutane na bin layi da jarkoki. Daga nan muka bi hanyar Kherson har kusa da Posad-Pokrovske, inda fagen daga ya tsaya wata da watanni kafin a 'yantar da Kherson ranar 11 ga Nuwambar 2022. Gidaje babu rufi, wasu an lulluɓe su da shuɗiyar leda. A bakin gonaki jajayen alluna masu hoton ƙoƙon kai.

A nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma ba rugujajjen gini ba ne. Wata gonar inabi ce da aka bari. Kuranga in ba a yi mata aski ba, ba mutuwa take yi nan take ba, haukacewa take yi. Rassa su fita ta ko'ina, su sauko ƙasa, su kama juna, ganye ya yi duhu har iska ta kasa ratsawa, fumfuna ta samu gida. 'Ya'yan da za ta yi ƙanana ne, masu tsami, rabi ruɓaɓɓu. Shekara guda ana iya gyarawa. In ta kai biyu zuwa uku, ciyawa da ƙananan itatuwa sun shiga, cuta ta kama gindi, sau da yawa sai dai a tuge a sake dashe. Sabon dashe kuwa sai a shekara ta uku ko ta huɗu yake ba da amfanin kirki. Manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna za su gane wannan lissafi ba sai an yi musu dogon bayani ba: mai gero in ya gudu ya bar gona, damina ɗaya ya rasa, mai kuranga shekaru ya rasa, na baya da na gaba.

Sannan ga nakiya. Gonar alkama fili ce, ana iya tura injin share nakiya ya bi ta. Gonar inabi kuwa waya ce layi-layi a kan turaku, kuma siririyar wayar da ake ɗana wa gurneti ba ta da bambanci da wayar da kuranga ke hawa in ciyawa ta rufe su. Na'urar gano ƙarfe ma ruɗewa take yi, domin ƙasar cike take da guntayen waya da ƙusoshi da ɓaraguzan harsashi. Sai mutum ya durƙusa yana bi taƙi-taƙi. Ƙungiyoyin share nakiya irin su HALO Trust suna aiki a yankin, amma a layin jira gonar abinci da hanyar makaranta sun riga gonar inabi, kuma babu mai hankalin da zai ce ba daidai ba ne.

Abin da ke gaba da nan ji na yi, ban gani ba, don ba a barin baƙo ya ƙarasa. A ƙauyen Vesele, a gaɓar Dnipro daura da Nova Kakhovka, akwai gidan giyar Yarima Trubetskoy, mai tarihi tun ƙarshen ƙarni na 19, da dogon gini mai hasumiya. Sojan Rasha sun zauna a wurin a 2022, aka kwashe tsofaffin kwalaben da aka tara shekara da shekaru, bayan sun janye kuma suka riƙa harbo shi daga tsallake. Kamfanin Tavria yana ɗaya gaɓar, har yau a hannunsu. Ranar 6 ga Yunin 2023 aka fasa madatsar ruwan Kakhovka, wadda ke kusa da wurin ƙwarai. Yankin da ke ƙasa da madatsar ya yi ambaliya, tafkin da ke samanta ya ƙafe, magudanan ban-ruwa da suka mayar da wannan busasshen fili gona suka bushe. Can gabas kuma akwai Bakhmut, inda tun 1950 kamfanin da yanzu ake kira Artwinery yake ajiye giya mai kumfa a tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, mita 70 da 'yan kai a ƙarƙashin ƙasa. Sun fitar da abin da suka iya fitarwa, suka koma aiki a jihar Odesa, miliyoyin kwalabe suka rage a ramin. Garin ya faɗi a watan Mayun 2023, bayan Prigozhin, shugaban sojojin haya na Wagner, ya riga ya ɗauki hoton bidiyo a cikin ramukan.

Muka juyo yamma, zuwa yankin da ake kira Besarabiya, tsakanin kogin Dnister da Danub. A dā ta gadar Zatoka ake bi a bakin teku, amma tun ƙarshen Afrilun 2022 aka fara harbinta da makamai. Yanzu sai an zagaya ta Mayaki, a ratsa 'yan kilomitoci cikin ƙasar Moldoba, a ba ka 'yar takarda mai adadin mutanen da ke mota a wannan baki, ka miƙa ta a wancan. Duk kwalba da duk buhun taki da ke shiga yankin daga Odesa ta wannan siririyar hanya yake bi.

A Bilhorod-Dnistrovskyi na hau ganuwar Akkerman, wadda Sarkin Turkawa Bayazid na Biyu ya ci a 1484. A tsakiyar filin akwai guntuwar hasumiyar masallaci tsaye ita kaɗai. Na daɗe a wurin. Fiye da shekara ɗari uku Musulmi suka yi da wannan yanki, kuma lambunan inabin da ke kudu da garin sun girmi zuwan Rashawa. Su ne 'yan Suwizalan suka tarar a 1822, da Louis Tardent ya jagoranci wasu iyalai daga yankin Vaud suka zauna a Shabo. Kamfanin Shabo na yanzu, na iyalin Iukuridze 'yan asalin Jojiya, an kafa shi a 2003, yana da gidan tarihi da tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake zagayawa da baƙi. Baƙin yanzu kusan duka 'yan gida ne, mata rukuni-rukuni, da sojan da ya zo hutu da matarsa.

Ni abin da na je gani shi ne Telti-Kuruk, farin inabin da Turkawa suka bari. Ƙasar wurin rairayi ce, kuma ƙwaron filoksera, wanda ya cinye gonakin Turai a ƙarni na 19 har aka koma aura wa kowace kuranga saiwar Amurka, ba ya iya rayuwa a rairayi. Saboda haka akwai kurangu a Shabo da ke tsaye a kan saiwarsu ta asali, abin da ba kasafai ake samu a Turai ba. Na ci nono guda a tsaye, ƙwayoyi ƙanana masu kaurin fata, zaƙi da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe. Farfesa ya ce in da makami zai faɗa wannan fili, babu gandun da za a je a sayo madadinsa, domin kusan duk abin da duniya ta mallaka na wannan iri a nan yake.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen Bolhrad, a gaɓar tafkin Yalpuh, mafi girman tafkin ruwan daɗi na halitta a ƙasar. Mutanen nan Bulgariyawa ne da Gagauz, waɗanda kakanninsu suka zo a farkon ƙarni na 19, da kuma Moldobawa. A nan ma aka haifi tsohon shugaban ƙasa Poroshenko. Kowane gida yana da rumfar inabi a tsakar gida da ganga a ƙarƙashin ɗaki. Sanannen suna a yankin shi ne Kolonist na iyalin Plachkov a ƙauyen Krynychne, amma mu wurin wani tsohon ɗalibin Farfesa muka sauka, mai ƙaramar gona da tankuna kaɗan a wani tsohon sito. Matarsa da ta ji ba na cin alade kuma ba na sha, ba ta yi wata-wata ba: mamaliga, wato tuwon masararsu, da cukun tumaki mai gishiri, da kifin tafki, da kofin ruwan inabi sabon matsa, wanda ko awa bai yi ba.

Bulgariyawan nan suna da bikin Trifon Zarezan ranar 14 ga Fabrairu, ranar da ake fita gona da kiɗa a yi wa kuranga askin farko na shekara. A 2022 sun yi bikinsu, bayan kwana goma yaƙi ya faɗo, aski bai kai rabi ba. Maigidan ya ce makami bai taɓa faɗa gonarsa ba, amma yaƙin ya shigo masa ta ƙofa huɗu, ya shiga lissafa mini muna tsaye a bakin tanki. Ta farko, a watannin farko hukumomi sun hana sayar da barasa a jihohi da yawa, kuɗi ya tsaya cak. Ta biyu, babban kamfanin kwalba na Vetropack da ke Hostomel kusa da Kiyef ya lalace a makonnin farko, bai dawo aiki ba sai 2023, sai ga mutum da giya a tanki babu abin zubawa, ana nemo kwalba daga ƙetare da tsada. Babban siton kamfanin Goodwine a wajen Kiyef ya ƙone ƙurmus a watan Maris na 2022 da kayan mutane a ciki.

Ƙofa ta uku wutar lantarki ce. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka matsa da zubawa ne kawai. Idan yis ya fara cin sukarin da ke cikin ruwan inabi, zafi yake fitarwa, kuma farar giya ana so a riƙe ta ƙasa da digiri 20, dare da rana, har ta gama. In injin sanyaya ya tsaya, tanki ya ɗau zafi, ƙamshin ya gudu, wani lokaci aikin ma ya tsaya a tsakiya, kakar shekara ta lalace cikin kwana biyu. Rasha ta fara ragargazar tashoshin lantarki ne ranar 10 ga Oktoban 2022, daidai lokacin da tankuna ke tafasa. A bazarar 2024 ta sake, ga kuma zafin da aka yi a watan Yuli, wanda ya sa inabi ya nuna da wuri, iri-iri suka zo a tare. Maigidan ya nuna mini janaretonsa da allunan hasken rana a kan rufin sito. Ya ce kuɗin da ya tara don sabon dashe ne ya koma can.

Ƙofa ta huɗu ba sai ya faɗa ba, da safe na gan ta. Muka fita tsinka tun kafin rana ta ɗaga, don inabi ya shiga sito da sanyinsa. Na ƙirga da ido: tsofaffin mata da ɗankwali, 'yan mata 'yan makaranta, dattawa biyu, sai ni. Mai tuƙa tarakta yarinya ce da ba ta wuce ashirin ba. A watan Afrilun 2024 an rage shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25, kuma mazan da ba a ɗauka ba da yawa suna gudun fita hanya saboda shingaye. Aka ba ni almakashi da kwando, aka haɗa ni layi da wata tsohuwa wadda kafin in yanke nono uku ta yanke goma. Na ce, "Babushka, ki huta mana, rana ta fara zafi." Ta ce, "Ɗana, in na huta wa zai tsinka? Kai dai kula da yatsanka, Odesa Baƙi ne, in ka yanke ba za mu gane ba." Sauran suka kwashe da dariya. Da aka zauna cin abinci ne na ji jikanta yana fagen daga wajen Pokrovsk, kuma wayar da ke cikin aljihun zanenta ba ta taɓa kashe ta.

Tsinka ma da sauƙi, kowa yana iya koya a wuni ɗaya. Aski ne matsalar. Wanda ya iya shi yana duban kuranga ya san wane reshe zai bari, ido nawa zai ƙyale, don amfanin bana da na baɗi. Wannan ilimi a hannu yake zama, shekaru ake yi ana tara shi, kuma masu shi su ne mazan da aka kwashe, ko matan da suka tafi Jamus da Folan da Bulgariya da 'ya'yansu, yaran sun shiga makaranta a can.

To ina farfaɗowar da ake ta faɗa? Akwai ta, ba ƙarya ba ce. A ƙarshen 2022 Yukren ta koma cikin ƙungiyar inabi da giya ta duniya, OIV. Masu sana'ar suna zuwa baje-kolin ProWein a Dusaldof ƙarƙashin tuta guda, Wines of Ukraine, kuma an sami masu saye a Ingila da Amurka da ƙasashen Baltik waɗanda dā ba su san ƙasar tana noman inabi ba. A cikin gida mutane sun juya wa duk abin da ya shafi Rasha baya, suna neman nasu. Ƙananan masu lasisi ƙaruwa suka yi a cikin yaƙin, ba raguwa ba, har a wuraren da dā ake cewa sanyi ya yi wa inabi yawa, irin su Biologist kusa da Kiyef da Father's Wine a jihar Ternopil. A watan Agustan 2024 majalisa ta zartar da sabuwar dokar inabi da giya mai bin tsarin Tarayyar Turai, da rajistar gonaki da kare sunan yanki, aka sa mata ranar fara aiki 1 ga Janairun 2026, wadda kuma ita ce ƙarshen wa'adin daina kiran kayansu shamfen ko koniyak, sunayen giyar Faransa.

Amma ni manomi aka koya mini in zama, kuma manomi ƙasa yake kallo, ba kwalba ba. Abin da ya farfaɗo suna ne da kasuwa da inganci. Gonar kanta ƙanƙancewa take yi. A hanyarmu daga Tatarbunary zuwa Bolhrad na ga filaye da dama da aka tuge kuranga aka shuka alkama ko furen da ake matsar man girki daga ƙwayarsa, turakun siminti a tare a gefe. Ba na ganin laifin mai yin haka. Alkama mutum ɗaya da inji ya ishe ta, wata tara ka ga kuɗinka. Wa zai binne dukiya a dashen da sai bayan shekara huɗu zai fara biya, a ƙasar da ba ka san inda iyaka za ta kasance baɗi ba? Sannan mai sayen kwalba a Landan don tausayi, sau ɗaya yake saye don tausayi. Maigidanmu ya san haka sarai. Ya ce ranar da aka daina ganinsu a labarai, ranar za a san wanda ya iya aiki.

Na tambaye shi ko zai yi dashe bana. Ya ce ya yi odar 'ya'yan Sukholimansky na rabin wani fili da ya gada, ɗaya rabin zai ba maƙwabci haya ya shuka sha'ir. Farfesa ya ce ya yi kuskure, Odesa Baƙi ya kamata ya dasa, shi ne ke jure fari kuma shi Turawa ke tambaya. Suka kaure da gardama a kan saiwar da ta dace da ƙasar wurin da tazarar layi, har matar gidan ta kwashe kwanuka ba su lura ba.

Ta Orlivka na fita, inda jirgin fito ke tsallaka Danub zuwa Isakcha a Romaniya. An buɗe mashigin a 2020, kuma jirage marasa matuƙa sun taɓa kai masa hari a 2023, lokacin da ake ta dukan tashoshin Izmail da Reni don hana fitar da hatsi. Manyan motoci sun yi layi mai nisan gaske a gefen titi, direbobi suna dafa shayi a kan ƙananan risho. Akasarinsu hatsi da man girki suka ɗauko. Wani direba ya ce mini rabin motarsa katan-katan ne na giya daga wasu ƙananan gidaje uku da suka haɗa kuɗin mota, za a sauke a Jamus, kuma babbar damuwarsa kada layin ya kai shi tsakar rana, don kayan ba sa son zafi.